Rigar Baffa da Na Ja

Baffana, ƙanin mahaifina, ya zo wurina Dubai a cire masa yanar ido. Shekararsa tamanin da 'yan kai, ni kuma na ba sittin baya, amma har yau idan ya kira ni "Liman" sai gabana ya faɗi. 'Ya'yana sun ɗauka girmamawa ce. Ni da shi kaɗai muka rage cikin waɗanda suka san mafarin sunan.

A zamanin yaƙin cacar baka, Amurka da Tarayyar Sobiyet rabon sukolashif suke yi a ƙasashenmu kamar goron biki, kowacce na neman nata mutanen. Baffa bai zaɓi ɓangare ba, takardar da ta riga zuwa ya bi. Ya yi shekara shida a Tashkent ta Uzbekistan, cikin Tarayyar Sobiyet, yana koyon aikin madatsar ruwa, ya dawo Kano da wata hula mai gashi wadda ba ta da ranar sawa, da akwatin littattafai masu rubutun da babu mai iya karantawa a unguwarmu.

Ni kuwa da na shiga jami'a, ɗakin karatun Amurkawa ya zama gidana na biyu. Akwai sanyin na'ura, akwai mujallu masu sheƙi kyauta, ana kuma nuna mana majigi a kan yadda 'yan gurguzu ke rufe masallatai da abin da sojojinsu ke yi a Afghanistan. Ba duka ne ƙarya ba, kuma har yau ban ce ƙarya ba ne. Abin da ban gane ba shi ne, masu ba mu mujallun ba sallarmu ce ta dame su ba, so suke su tare wa abokin gaba hanya. Ni dai na haɗiye komai har da ƙashi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuma nawa ya shaƙe ni har wuya.

A gidanmu a zaure ake magariba, kuma babban da ke nan shi ke shiga gaba. Shekarar da mahaifina ya tafi hajji, Baffa ne babba. Wata rana aka ta da iƙama, ya shiga gaba ya gyara tsayuwa, sai na miƙa hannu daga sahu na ja gefen rigarsa. Na ce, "Baffa, wanda ya ci abincin marasa Allah shekara shida, ba mu san inda imaninsa ya kwana ba." A gaban maƙwabta na faɗa, da 'ya'yansa maza biyu. Ya waiwayo ya dube ni, ya ja da baya, ya ce, "Bismilla, Liman." Na kuwa shiga gaba na ja sallar, har da doguwar sura.

Magana zarar bunu ce. Mahaifina ya dawo ya yi mini faɗan da ban taɓa ji ba, amma Baffa bai sake jan salla ba, ko a gida ko a wurin aiki. Ya rufe akwatin littattafan. Daga baya Tarayyar Sobiyet ta wargaje, ɗakin karatun ma na daina jin labarinsa, na shiga kasuwanci na dawo Dubai ina tura injinan ban ruwa gida. Kowa ya koma harkarsa. Baffa dai yana ƙarshen sahu, ni kuma ban taɓa buɗe baki na ce ya yafe mini ba. Kullum sai na ce sai an sami lokacin da ya dace.

Bayan an yi masa aikin idon, zaman ɗaki a unguwarmu ta Bur Dubai ya ishe shi. Saura kwana biyu ya koma gida ya ce zai bi ni unguwar Al Quoz, inda zan duba kaya a wani sito kafin a loda kwantena. Mai siton wani dattijo ne ɗan Uzbekistan, mun yi shekaru muna ciniki da gurɓataccen Larabci. Mun same shi yana masifa a waya da Rashanci. Da ya ajiye wayar, sai na ji Baffa ya ce masa wani abu da wannan harshen, a hankali, kamar mai taka ƙafar da ta daɗe a ɗaure.

Dattijon ya yi sororo, sannan ya rungume shi. Aka kawo shayi a 'yan kwanoni, aka manta da ni da kwantenata. Kusan awa guda suna hira, Baffa na dariya har yana share hawaye a ƙarƙashin baƙin gilashin asibiti. Ban taɓa sanin yana da irin wannan dariyar ba.

Can dattijon ya juyo gare ni. "Habibi, ka san wane ne baffanka? A lokacinmu a ɓoye kakata take salla, ta rufe taga. Ubana ko Fatiha bai iya ba. Baffanka ya ce mai gadin ɗakin kwanan ɗalibai yakan shigar da shi ɗakin ajiyar gawayi ya koya wa 'ya'yan mai gadin karatun Alƙur'ani, shekara huɗu suna haka. Da an kama su, khalas, shi ke nan, shi a kore shi, mai gadi kuma sai yadda hali ya yi." Na dubi Baffa. Ya ce, "Ai ba ka taɓa tambaya ba, Liman." Ba da zafi ya faɗa ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

La'asar ta yi. Aka shimfiɗa dadduma a tsakanin akwatunan injina, dattijon ya kama hannun Baffa ya kai shi gaba. "Yalla, malam, kai ne babba, kai ne baƙo." Na shiga roƙon Allah a raina ya sa ya tsaya. Ya ɗan tsaya kuwa, har ya gyara hula. Sai kuma ya ja da baya, daidai irin jan da ya yi a zaurenmu, ya dafa kafaɗata ya tura ni. Ya ce, "A gidanmu wannan ne liman."

Na yi kabbara. Ban san abin da na karanta ba. Bayan raka'a ta huɗu, maimakon na zauna sai na miƙe zan kawo ta biyar. Daga bayana na ji muryar Baffa ƙasa-ƙasa, "Subhanallah." Na koma na zauna, na sallame, na yi ba'adi, kunya kamar ƙasa ta tsage na shige.

A mota na ce, "Baffa, abin da na yi maka a zaure..." Ya ce, "Kai yaro ne a lokacin, an cika maka kai. Na yafe tun a ranar. Abin da ya tsaya mini shi ne, mutum goma sha wani abu a sahun nan, babu wanda ya ce maka kul. Sai na gane kai dai ka faɗa ne, amma kowa na tunaninsa."

Da magariba a ɗakina na ɗauki daddumarsa na shimfiɗa ta a gaba, na tsaya a baya na ta da iƙama. Ya dubi daddumar da sabon idonsa, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya sa ƙafa ya jawo ta baya, ya daidaita ta kusa da tawa.

Ya ce, "Bar shi, ɗana. Shekara arba'in ban ɗaga murya a salla ba, na saba da nan. Shiga gaba, lokaci na wucewa."

Na shiga.