Da Katifa a Saman Mota, Daga Ƙofa Zuwa Bayan Doguwa

Ƙofa

Ana sallame sallar asuba na tayar da mota a ƙofar gidan mahaifiyata a garin Ƙofa. Inna ta fito da carbi a hannu, ta kasa kunne, ta ce, "Rabi, ta tashi kuwa?" Na ce ta tashi, haka take, in a kan batir take ba a jin motsinta.

Saƙo ne ya zo cewa Iya Hanne, yayar Inna da ke wani ƙauye bayan Doguwa, ta kwanta ciwo, kuma a kan tabarma take jinya. Inna ta sa aka sayo katifa. Yaya Sani, babban wanmu, yana da babbar mota, amma ya ce ba inda za a: damina ce, hanya ta lalace, ga dajin Falgore, a bari sai kaka. Inna ta ce, "Ka tambaye ta ko za ta kai kakar?" Duk da haka bai ba da makulli ba. Na ce ni zan kai Inna da katifar.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kullum ina zagayen ƙananan asibitocin Bebeji da Ƙiru, shi ya sa nake hawa irin motar nan mai haɗa fetur da batir. Tsohuwar motar da na sayar rufinta a sama yake, but ɗinta kuma yakan ci buhu uku. Wannan sabuwar ƙirar an danne mata rufi, an kwantar da gilashin gaba, an matse bayanta, duk don ta riƙa tsaga iska ta rage shan mai. Ta rage ɗin kuwa. Amma rabin buhun gero da jakar Inna suka cika but, kwanuka da kwandon kaji suka cinye kujerar baya. Katifa sai sama. Muka ɗaure ta da igiya ta cikin ƙofofi.

Yaya Sani na tsaye yana kallo. Da Inna ta zo shiga, goshinta ya bugi bakin rufi, ɗankwalinta ya zame. Ya ce, "Kin gani ko? Ko shiga ba a yi ba." Inna ta gyara ɗauri, ta kama kafaɗata, ta sauke gwiwoyinta masu ciwo a hankali har ta zauna. Ta ce, "An shiga. Ja mu je."

Kwanar Dangora

Kafin mu kai Kwanar Dangora na gane abin da katifa ta yi mana. Motar da kan zame shiru ta koma gurnani. Iska na shiga ƙarƙashin katifar tana ɗaga bakinta, sitiyari na rawa a hannuna, injin kuma ya ƙi hutawa ya bar wa batir. Allon gabana yana nuna mai na tafiya kamar a tsohuwar tasi. Na rage gudu sosai, manyan motoci suna wuce mu da oda.

Muka tsaya muka sayi ƙosai da koko. Wani direban haya ya zagaya motar, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce, "Hajiya, wannan ai ta kwaltar birni ce. Ina za ki da ita?" Na ce bayan Doguwa. Ya yi dariya ya ce Allah ya kiyaye. Na ce amin, ba tare da na taya shi dariyar ba.

Tudun Wada

Da hantsi muka shiga Tudun Wada. Duk tudun rage gudu sai na hau shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, don kada ciki ya goga. Yaya Sani ya kira waya ya ce mu juya daga nan. Na ce masa muna hanya. Na kashe.

Gaskiya ni ma na fara lissafi. Na ce, "Inna, mu ajiye katifar nan wurin wata abokiyar aikina, a turo ta a motar kaya. In babu ita, za mu ratsa daji da sauri." Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce, "Ita ta goya ni da uwarmu ta rasu. Ba zan shiga mata ɗaki in ce kayan na baya ba." Na ƙara igiya, muka wuce.

Dajin Falgore

A shingen bakin daji wani soja ya gaishe da Inna cikin ladabi, ya ce mini kada in tsaya sai na fita. Mun yi nisa, bishiyoyi sun rufe mu hagu da dama, sai wata tirela ta wuce da iskarta. Na ji ƙara a sama. A madubi na ga katifa ta karkace tana lilo. Dole na tsaya.

Ba mota, ba mutum, sai kukan tsuntsaye. Ƙullin ya ƙi kamawa, igiyar gaba ta tsinke ba ta kai ba. Inna ta sauke gilashi ta ce, "Miƙo mini bakinta." Ta naɗe hannunta da mayafi, ta naɗa igiyar a kai. Haka muka fita daga dajin, tsohuwa na riƙe da katifa da hannu ɗaya, tana jan carbi da ɗayan. Da muka kai Doguwa yatsunta sun kumbura. Ta hana ni dubawa.

Bayan Doguwa

Daga inda muka bar kwalta, hanya jar ƙasa ce da ruwa ya zaizaye, tsakiyarta ta yi tudu. Motar nan an shimfiɗa mata roba a ƙarƙashi don iska ta riƙa zamewa. A kwazazzabo na biyu dutse ya yage ta, ta riƙa jan ƙasa. Na shimfiɗa zanina na kwanta na fizge ta da hannu, na jefa kan kwanuka. A na uku na tsaya, domin na san batir na ƙasa, in na fasa shi shi ke nan.

Wani manomi mai suna Malam Ilu ya zo da amalanken shanu zai tafi gona. Da ya ji wurin wa za mu, ya ce ai Iya Hanne ce ta karɓi haihuwar matarsa. Ya sa na kai motar ƙofar gidansa. Aka shimfiɗa katifa a amalanke, aka ɗora sauran kaya, Inna ta zauna a kai, ni na bi su a ƙasa cikin taɓo.

Mun tarar da Iya Hanne ta rame ƙwarai, ƙugunta ya fara miki saboda kwanciya. Ta daɗe tana kallon Inna, sannan ta ce, "Ke da ƙafafun nan naki?" Inna ta ce, "Da su." Na wanke mikin na sa magani, muka ɗaga ta muka ɗora a katifa. Ta sauke numfashi, ta kama hannun Inna mai kumburi, barci ya ɗauke ta tana riƙe da shi. Kwananmu biyu, Inna ba ta bar gefenta ba sai don salla.

Komawa

Ba kaya a sama, motar ta dawo hayyacinta. Ta ratsa Falgore shiru, allurar mai da ƙyar take motsi. Da la'asar muka iso Ƙofa.

Yaya Sani ya ga taɓo har gilashi, ya ga yagaggiyar roba a kujera, ya ce in sayar da ita tun ana saye. Na ce ba zan sayar ba. Waɗanda suka ƙera ta ba su san hanyar ƙauyen Iya Hanne ba, ni kuwa yanzu na sani, na kuma san inda zan ajiye ta in taka.

Inna ta kasa tashi daga kujerar, gwiwoyinta sun sandare. Shi ya duƙa ya ɗago ta. Tana tsaye a jikinsa ta ce, "Ta tambaye ka, Sani. Na ce mata kana tafe." Ya sunkuyar da kai, ya ce zai je ranar Asabar.

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Malam Ilu da shanunsa. Iya Hanne tana buƙatar addu'arku.