Injin Hagu da Randar Inna

Kwamfutar ta yayana ce. Ranar da zai tafi Mashi ɗaurin auren abokinsa ya ajiye ta a ɗakin Inna, ya ce min, "Auta, aikin makarantata duk yana ciki. Ki yi wasan jirginki in kina so, amma kika lalata min ita, kin gama taɓa ta."

Wasan jirgin yaƙin nan kuwa ba abin da na fi so a gidan kamarsa. Ƙarar babur ɗinsa ba ta gama ɓacewa ba na kunna.

Na tashi da jirgin lafiya, ina ɗagawa sama sai injin hagu ya fara tari. Allurar zafi ta haye ja, hayaƙi ya turnuƙe, na faɗo cikin gona. Na sake, haka. Sau biyar, a wuri ɗaya, ko abokan gaba ban hango ba. Shekaranjiya a hannunsa lafiya lau, yau a hannuna ya mutu. To wa za a ce ya yi?

Na taɓa ƙasan kwamfutar, zafi kamar kaskon masa. Bazara ce, kuma ta Daura. Na tuna mai markaɗen unguwarmu, in injinsa ya ɗau zafi ruwa yake kwara masa. Ban kai can ba, da sauran hankalina. Tsumma na jiƙa, na shimfiɗa a kan murfin randar Inna, na ɗora ta.

"Ke, ruwan shan namu kika mayar teburi?" in ji Inna.

"Inna don Allah ki bari, injina ke ƙonewa."

Kwamfutar ta huce, na kunna, injin hagu ya sake kamawa da wuta. Kwana biyu tuwo ba ya wuce min.

Da ya dawo ban bari ya cire takalmi ba. "Yaya, na kashe maka injin hagu."

Ya gwada sau ɗaya, ya yi tsaki. "Ba ke ba ce. Da safen da zan tafi na sabunta wasan. A waya na ga kowa na kuka da jirgin nan, kuskuren masu wasan ne."

Har na sauke ajiyar zuciya, sai Inna ta ce, "Ka tambaye ta randa."

Ya kifa kwamfutar, ga shatin ruwa ya bushe a ƙasanta. Ya buɗe aikinsa ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye ina murza bakin mayafi. Komai na nan. Bai yi faɗa ba. Lambar sirri ya sa mata, bai faɗa min ita ba sai da aka yanke gero.