Tirelar da Ke Cikin Tsohuwar Kwamfuta

Na kife da tirela cike da fatu, na tashi da raina, amma hannuna ya ƙi sitiyari. Wasan kwamfuta ne ya mayar da ni bakin aiki, kuma ranar da muka gyara wasan nan ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah.

Ni ban yi boko ba. Tuƙi na sani, shi na yi wa wani kamfanin jima a Challawa shekara da shekaru. Ranar haɗarin, wata mota ce ta lalace a kwana, ba a sa ko ganyen gargaɗi a titi ba. Ban gan ta ba sai da ta cika min ido. Ƙashi ya warke, amma da na hau kujerar direba sai gumi ya karyo min, in sauko. Manaja ya ajiye ni gadi a bakin get. Daga baya ya ce ko in karɓi mota kafin ƙarshen wata, ko a ba wani. Gaskiyarsa ce.

Ina da aboki mutumin Filato, mai gyaran wuta a wata masaƙa a Bompai. Ofishinsu ya yar da tsohuwar kwamfuta, ya kai ta ɗakinsa, ya haɗa mata sitiyari da birki na gwanjo. Wata Lahadi da ya dawo daga coci ya ce min, "Direba, zo ka tuƙa wadda ba ta kisa."

Na ce, "Na yi maka kama da yaro?"

Ya ce, "Ka yi min kama da mai gadi."

Na zauna. Tirela ce a cikin gilashin kwamfutar, da titi, da motoci. Na fara tafiya lafiya. Can sai hoton ya cije, ya tsaya cak, sannan ya yi tsalle. Motar da na hango nesa sai ga ta a hancina. Na saki sitiyari na fice waje. Irin abin da ya faru da ni a kwana ke nan, ba bambanci.

Bai yi dariya ba. Ya biyo ni ya ce, "Ba kai ba ne. Kwamfutar ce ta tsufa, ana ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Dawo ka riƙe min sukundireba."

Da ya buɗe cikinta, gashin audugar masaƙa ya toshe fankar kamar an cusa tsumma. Ya ce idan ta yi zafi sai ta rage wa kanta ƙarfi, shi ne take cijewa. Na ce ashe lagireto ne, wannan na gane. Muka hure ta tas. Ya kashe wasu abubuwa da ke aiki a ɓoye suna cin ƙarfinta. Sannan ya shiga inda ake saita wasan, yana karanta min ina yanke hukunci.

"Inuwar bishiya?"

"Cire."

"Ciyawar gefen titi? Ƙyallin jikin mota?"

"Ba su taɓa kai ni gida ba. Cire."

"Madubi. Shi ya fi cin ƙarfi, don sai ta zana titi sau biyu."

Na ce, "Bar min madubina."

"Kai mutumin Kano, komai sai ka yi ciniki?"

Na ce ban taɓa tuƙa tirela ba madubi ba, ba kuma zan fara a ɗakinsa ba. Sai ya bar madubin, ya rage kaifin hoton gaba ɗaya. Muka gwada. Ta yi sauƙi, amma da an shiga gari sai ta ɗan fizga. Ya duba, sannan ya ce matsalarta ita ce a fili tana zuba gudu, a cunkoso ta shaƙe. Ya ɗaure mata yawan hotunan da take fitarwa a daidai abin da za ta iya riƙewa ko'ina. Ya ce ba za ta yi santsin sabuwa ba, amma ba za ta ƙara yi min tsalle ba.

Na sake zama. Hoton ya yi muni, bishiyoyi kamar an yanka kwali. Amma titi yana zuwa min a jere, ba yankewa. Can gaba wata mota ta tsaya. Na gan ta tun tana ƙarama, tana girma a hankali. Na taka birki, na duba madubi, na kauce ta. Sai da na wuce na lura hannuna biyu suna kan sitiyari, rigata kuma a bushe.

Ya ce, "Yaya?"

Na ce, "Ƙara min wata hanyar."

Na yi ta zuwa ɗakinsa bayan aiki. Kafin wata ya ƙare na je wajen manaja na ce, "Ranka ya daɗe, zan karɓi mota, amma ban da dogon zango." Ya dube ni, ya miƙo makulli.

A da ina ganin ko dai in koma yadda nake, ko in haƙura da tuƙi. Kwamfutar nan ta nuna min cewa abin da ya sha wuya ba a yar da shi. Ana sauke masa kayan da ba dole ba, a bar masa abin da ba ya tafiya sai da shi, a riƙe shi a gudun da zai iya.

Yanzu tsakanin Challawa, Sharada da Dakata nake jigila. Kowa yana wuce ni a titi. Ina kwana a gidana.