Mutumin da Ya Ƙi Karɓar Kuɗinsa

Har yau in na ji ƙamshin citta da aka tsaga aka shanya, raina ɓaci yake yi. Mutane na cewa ƙamshi ne mai daɗi. Ni kam gonar babanmu yake tuna mini, wadda ke bayan ƙauyenmu a kusa da Kwoi.

Ina aji huɗu a firamare ƙanena ya kwanta ciwo, aka ce sai an yi masa aiki a asibiti a Kafanchan. Watan Agusta ne, rumbu ya yi ƙasa, citta kuwa tana cikin ƙasa ba ta nuna ba. Matan zumunta na cocinmu suna da adashe, mama ta ce a je a roƙe su. Baba ya ƙi. Wai shi dattijon coci guda, ya tsaya gaban mata yana faɗin talaucinsa?

Sai ga wani mutum a kan sabon babur, ba wanda ya kira shi. Ya zauna, ya yi mana addu'a mai tsawo, ya ƙirgo kuɗi ya ajiye. Sharaɗinsa ɗaya: a biya da ruwa kafin Kirsimeti, in ba haka ba gona ta zama tasa. Baba ya dangwala yatsa a takarda, ba shaida ko ɗaya, mutumin ya naɗe takardar ya tafi da ita.

Kakarmu tana bakin ƙofa tana ɓare gyaɗa. Ta ce wa baba, "Yarona, wannan mutum bai tambaya yaya za ka biya ba. Iyakan gona kawai ya tambaya." Baba ya ce tsufa ne ke damunta.

Ƙanena ya warke. Da kaka muka haƙe citta, muka tsaga har hannuwanmu suka yi ta zafi, aka sayar. Kuɗi suka cika tun farkon Disamba. Ka san abin da ya faru? Mutumin ya ɓace. Sau biyar baba yana taka keke zuwa gidansa da kuɗin ɗaure a ƙugu. Kullum matarsa ta leƙo ta ce, "Oga ya yi tafiya, ni ba na taɓa kuɗin shi." Kwana biyu bayan Kirsimeti ya dawo da takardarsa da ƙarti biyu.

"Baba, ai ka yi latti," in ji shi, yana murmushi. "Agrimen agrimen ne, ga yatsanka a takarda."

Ba zan yi maka ƙarya ba, na daɗe ina jin haushin baba fiye da na mutumin. Kunyar awa ɗaya ya guda, ya sayo mana ta shekaru. Damina ta gaba na kai masa abinci a wannan gona, yana noma ta a matsayin ɗan ƙwadago. Bai ɗago kai ya dube ni ba.

Yanzu irinsa ba sa zuwa a kan babur. Saƙo suke turowa a waya, wai bashi cikin minti biyar, ba shaida, ba tambaya. Ni dai duk wanda ya kawo mini kuɗi ban nema ba, na san akwai abin da ya hango a hannuna.

Bara na kai 'ya'yana gida. Muka wuce gonar, ta yi kore shar. Autata ta ce, "Mama, wannan gonar waye?" Na ce wa direba ya ƙara wuta.