Suɗin Baƙo

Ɗazu da rana ina zaune a ƙofar ɗaki na ji autana yana kankare gindin kwano da cokali. Na buɗe baki zan yi masa faɗa, sai na fasa, domin ƙarar ta riga ta ɗauke ni ta kai ni zauren kakana a ƙauyenmu da ke kusa da Maska, daga can kuma ta wuce da ni wani ɗakin girki a ƙasar Turawa, inda na taɓa zama na 'yan watanni.

A gidanmu, kaka ita ce lokacin baƙi. Da an yanke dawa an shiga cirar auduga, zaure ba ya rabuwa da mutane: masu sayen auduga daga Funtua, dangi na nesa, da matafiyan da rana ta faɗi musu a hanya. Kakata ba ta yarda kowa ya zuba abincin baƙo sai ita. Ta malmala tuwon dawa a akushi, ta kwarara miyar kuɓewa busasshiya, ta ɗiga man shanu, ta rufe da faifai. Ni nake kaiwa. Ka ajiye, ka gaishe shi, ka fita, don ba a tsayawa kallon bakin baƙo. Sai mu yara mu rakuɓe a bayan katanga muna shaƙar ƙamshin daddawa, muna jira.

Akushin nan bai taɓa dawowa wayam ba. Kullum akwai suɗi, wato abin da baƙo ya rage mana. Akwai wani abokin kakana tun na samartaka, Bamaguje daga wajen Gozaki, wanda yakan zo mana da zuma duk shekara. Shi har dabara yake yi: ya tura tsokar nama ƙarƙashin tuwon ya ɓoye, don wanda ya tono ya yi murna. Ban taɓa cin naman da ya kai wannan daɗi ba.

Ranar da mahaifina zai fara tafiya da ni Bakori, kakata ta kamo kunnena. Ta ce, "Zo nan, angona mai kunnen ƙashi. In ka sauka gidan mutane, ko yunwa za ta kashe ka, kada ka suɗe kwano. A bayan kowace katanga akwai yaro yana jira. In an ce a ƙaro maka, ka ce ka ƙoshi."

Ni kuwa, mai karatu, mutum ne mai yawan wasi-wasi. Ina iya sake alwala don na yi shakkar shafar kunne, ina iya dawowa daga gona don in duba ko na rufe rumbu. In aka ba ni magana irin wannan, riƙe ta nake yi har ta yi mini kanta a hannu.

Na haura arba'in lokacin da ƙungiyar manoman yankinmu ta zaɓe ni in je horon aikin sa-kai a kan adana hatsi ba tare da magani ba, in dawo in koya wa 'yan uwa. Karatuna bai wuce firamare ba, Turancina na gaisuwa ne da tambayar hanya. Aka rarraba mu gidajen mutanen gari. Ni na faɗa hannun wata tsohuwa wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma suka watse wasu birane. Daga ita sai kyanwarta. Na riƙa kiranta Mama.

Garin shiru kamar an yi rasuwa. Ba kiran salla, sai wayata ta gaya mini lokaci ya yi. Ba kukan jaki, ba sautin turmi. Ruwa yana sauka ba tsawa ba ƙamshin ƙasa, ya wuni yana yayyafi kamar mai jin nauyin magana. In na dawo daga horo sai in tsaya a taga ina kallon titi, ko Allah zai kawo wanda zai ɗago kai in yi masa sannu.

Mama ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. An gaya mata abin da Musulmi ba ya ci, don haka kifi take dafa mini da dankalin Turawa da ganye. Sai dai a tebur ɗaya muke ci, tana fuskantata, tana kallon kowace loma. Kunya ta riƙa kama ni. Na ci abin da na ci, na rage gefe guda mai kyau. Ta nuna tukunya, na dafa ƙirji na ce na ƙoshi.

Kashegari abin da ta zuba mini bai kai na jiya ba. Na rage. Wanshekare ya ƙara raguwa, na sake ragewa daga ɗan abin da ya samu. Ta canza girki, ta koma shinkafa, ta koma taliya, har barkono ta nemo mini. Ni dai ban fasa ba. Wandona ya fara zamewa, a aji cikina yana ƙugi ina tari don in rufe.

Da farko na ɗauka kyanwa ce ke cin suɗin. Wata rana na dawo ɗaukar hulata, sai na tarar da Mama tana kankare farantina da cokali cikin kwandon shara. Na ce a raina, ƙyamar abin da hannuna ya taɓa take yi. Daga ranar sai in ware rabon tun kafin in fara ci, da cokali mai tsabta, in tura shi gefe. Duk da haka shara yake tafiya. Magana ta ƙare a tsakaninmu, sai ƙarar agogon bango.

Cikin masu kula da mu akwai wani mutumin Ghana mai jin Hausar zango. Ya ja ni gefe ya ce, "Malam, me tsohuwar nan ta yi maka? Ta ce a nema maka wani gida. Ta ce ta gwada duk abin da ta iya, ba ka son abincinta. Har da hawaye."

Na yi salati. Na ba shi labarin akushi da katanga. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Kai, Bakatsine! A nan in ka rage, cewa ka yi bai yi daɗi ba. Kana ta zaginta da ladabi!"

Ni ban ga abin dariya ba. Matar da ta ba ni ɗakin ɗanta, ita na sa kuka, kuma za a ɗauke ni daga gidanta da sunan wanda ya raina girkinta. Na roƙe shi ya dakata mini.

Da yamma muna kan tebur na harhaɗa ɗan Turancina, da hannu da ido, na ce mata a garinmu baƙo yana rage wa yaran gida ne. Ta dube ni. Sannan ta juya ta dubi kujerun da ba kowa a kansu, ta dubi hotunan da ke bango, ta ce a hankali, "Ai babu yara a nan."

Na jawo farantina na cinye tas, har cokalina ya yi irin ƙarar nan. Ji na yi kamar na ƙwace loma daga bakin wani.

Kashegari ta cika mini faranti har yana zuba. Muka ci. Da ta kusa gamawa sai na ga ta ware rabin kifinta, ta turo mini farantinta ta kan tebur. Ta ce, "Ka ce na yaron gida ne. To, ci."

Da furfurata a gemu na ci suɗin tsohuwar nan, ina sunkuyar da kai don kada ta ga idona. Ba a sake zancen canza mini gida ba. Har na baro ƙasar, kullum sai ta rage mini.

Yau zauren kakana buhunan taki ne a ciki da babur. Baƙo ya zo da hantsi ya koma kafin la'asar, in ka ce ya tsaya ya ci abinci ya ce ya ci a tasha. Yara kowa da kwanonsa, ba mai jira a bayan katanga. Lambar da Mama ta ba ni ta daina shiga tun bara, kuma ban san wanda zan tambaya ba.

Da autana ya gama kankare kwanonsa, sai na tura tsokar nama ƙarƙashin sauran tuwona, na kira shi na miƙa masa. Ya karɓa, ya leƙa ciki, ya ɗago ya dube ni da damuwa.

Ya ce, "Baba, bai yi daɗi ba ne?"

Na ce, "Tona ka gani."