Anti Yaushe, Mai Teburin Kusa da Taga

Ƙarfe bakwai da kwata take isowa, ga shi ba a buɗe wa jama'a ƙofar bankin sai takwas. Ta gaisa da mai gadi, ta tambaye shi gwiwarsa da ke damunsa, sannan ta wuce teburinta da ke can ƙurya kusa da taga. Kafin ta kunna kwamfuta, kujerar baƙi take fara gyarawa. Ta ɗora mata ɗan matashin da ta ɗinko daga gida, don kujerar ta ƙarfe ce, masu zama a kanta kuma yawancinsu ba yara ba ne. Sai ta jawo aljihun tebur ta fito da biro huɗu, da kalkuleta mai manyan lambobi, da tabarau uku na karatu waɗanda ba nata ba ne. Na masu cewa sun manto nasu a gida ne. Ta san wasunsu ba su taɓa mallakar tabarau ba, amma ba ta taɓa nuna ta sani ba.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aikin, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. A katin da ke rataye a wuyanta an rubuta jami'ar kula da abokan hulɗa. A bakin mutane kuwa sunanta Anti Yaushe, saboda duk wanda ya zo buɗe asusun ajiya, ba ta fara tambayarsa nawa ya kawo. Tambayarta ɗaya ce: "Yaushe za ka buƙace su?"

Sai na fara da faɗin gaskiya a kan kaina. Na daɗe ina jin haushinta. Layinta ba ya tafiya. Sauran tebura su sallami mutum biyar, ita tana kan mutum ɗaya, tana zana masa layuka a takarda. Na taɓa cewa da ƙarfi, don ta ji, wai wasu sun mai da banki zauren hira. Ta ɗago ta dube ni, ta yi murmushi, ta ci gaba da abin da take yi.

Ranar da na raka mahaifina ne na ga abin da take zanawa.

Babana direban motar kamfani ne, shekara talatin da biyar yana riƙe da sitiyari. Da ya ajiye aiki aka ba shi kuɗin sallama, kuɗin da bai taɓa ganin irinsu a dunƙule ba. A lokacin bankin ya liƙa wani babban talla a bango: ka ajiye kuɗinka shekara biyu ba ka taɓa ba, a ba ka ƙari mai tsoka. Baba ya gama yanke shawara tun daga gida. Ya zauna a kan matashin nan ya ce, "'Yata, wancan na bango nake so. Duka za a zuba."

"To, Baba. Yaushe za ka buƙace su?"

"Ba na buƙatarsu. Ina da ɗa." Ya nuna ni da haɓa.

Ta miƙa masa fom. Ya kai shi dab da hancinsa. Ta ba shi tabarau na farko, ya ce da sauƙi. Ta ba shi na biyu, ya ce yauwa. Amma tana kallonsa, ta ga har yanzu ƙarshen biron yana yawo, ya kasa samun layin sa hannu. Sai ta rage murya ta ce, "Baba, likita ya duba idon nan?"

Ya ajiye biron, ya faɗa mata gaskiya. A nan, a gaban teburin banki, na fara jin cewa yanar ido ce ta rufe masa gani, kuma an ba shi ranar aiki nan da wata huɗu. Ya ɓoye mana ne don kada ya ɗora mana nauyi. Niyyarsa ya kulle kuɗin, ya bar idon ya yi yadda zai yi.

Ba ta yi masa wa'azi ba. Ta ɗauko farar takarda ta raba ta gida uku. A gida na farko ta rubuta abin da za a ba shi, a na biyu abin da za a cire masa, a na uku ranar da zai iya ɗaukar kuɗinsa. Ta nuna masa cewa in ya zuba duka a asusun bango, ya zo cira kafin wa'adi, ƙarin gaba ɗaya ya tafi, kuma akwai tara a kai. An rubuta hakan a tallan, amma da rubutun da ko mai lafiyar ido sai ya durƙusa. Daga nan ta buɗe wani fayil ta zaro takardun bayani na wasu bankuna uku da ke kan titin. Ashe duk farkon wata takan yi amfani da lokacin cin abincinta ta zaga ta karɓo su.

"Baba, kuɗin aikin ido da na magani ka bar su a asusun ajiya na yau da kullum, ƙarinsa kaɗan ne amma ko gobe ka zo naka ne. Rabin sauran za ka iya kullewa a nan. Ɗaya rabin kuma, in ni ce kai, zan tsallaka titi. Asusun wata shida da bankin can yake da shi ya fi namu, kuma ba sa cin tara."

Baba ya cire tabarau ya dube ta. "Korata kike yi?"

"A'a, Baba. So nake ka dawo."

Muna tsallaka titi yana ta ƙorafi, wai bai taɓa ganin mai shago ya nuna wa mutum shagon maƙwabci ba, lallai akwai wani abu a ƙasa. Babu komai a ƙasa. An yi masa aikin ido a ranar da aka sa, da kuɗinsa, bai roƙi kowa ba. Da aka cire bandejin, abu na farko da ya ce wa mahaifiyata shi ne, "Ashe haka kika tsufa ban sani ba?" Har yau ba ta yafe masa ba.

Anti, ke ce kika ga abin da mu 'ya'yansa muka kasa gani, muna kwana gida ɗaya da shi. Ke ce kika san cewa asusun da ya fi kyau ba shi ne mai lambar da ta fi girma a bango ba, shi ne wanda ya dace da rayuwar wanda ke zaune a gabanki.

Da na fara tambayar mutane, sai na tarar kowa da nasa labarin. Wani mai gyaran takalmi ya ce min shekara shida yana tara 'yan kuɗinsa, kullum yana ganin suna raguwa, yana zaton shi ne bai iya lissafi ba. Ita ta gano cewa tun farko asusun manyan 'yan kasuwa aka buɗe masa, mai cajin wata-wata. Ta sauya masa, ta kuma zauna ta rubuta wa babban ofis wasiƙa. Aka yi shiru, ta sake rubutawa. Sai a wasiƙa ta biyar aka mayar masa da abin da aka cire. Ya ce ya kawo mata takalmi sabo fil da ya ɗinka da hannunsa, ta ƙi karɓa, sai da ya faɗi kuɗinsa ta biya. "Kuma ta yi ciniki," in ji shi. "Sai da ta sa na rage mata."

Wata malamar jinya ta ce ita ba ta son kuɗin ruwa ko kaɗan, kuma a wani wurin da ta faɗi haka dariya aka yi mata. Anti Yaushe ba ta ko ɗaga gira ba. Ta fito da takardar asusun da babu ruwa a cikinsa, ta yi mata bayanin yadda ake raba riba da yadda za a iya yin asara, ta ce ta je gida da ita ta yi tunani, ba gaggawa.

Ba cewa nake ba ta kuskure. Malamar jinyar nan ce ta ba ni labarin yadda Anti ta ba ƙanwarta shawarar wani asusu, bayan wata biyu aka sauya sharuɗɗansa ya zama bai da amfani. Ita da kanta ta ɗauki waya ta kira ta. "Shawarar da na ba ki ta lalace, ki zo mu gyara." Ni dai ban san mutane da yawa masu kiran waya don su ce sun yi kuskure ba.

Wannan halin bai zo mata a kyauta ba. A ofishin manaja akwai allo da ake rubuta sunayen ma'aikata da yawan sababbin asusun da kowa ya buɗe a wata. Sunanta kusan kullum yana ƙasa. Waɗanda ta koya wa yadda ake cike fom sun zama shugabanninta, wasu sun wuce babban ofis. Shekara huɗu da suka wuce aka kawo wani sabon manaja, ya dubi allon, ya ji kuma labarin tsallaka titi, ya kira ta ofishinsa. Mai gadi ya ce yana tsaye a bakin ƙofa ya ji ta tana ba manajan amsa: "Ranka ya daɗe, in na saka mutum a abin da zai cutar da shi, sau ɗaya zan same shi. Ni kuma kullum a titin nan nake bi in tafi gida."

Aka mai da ita ɗakin ajiyar fayil, can baya, inda ba taga. Ba ta yi gardama ba, ta kwashe tabarau ukun nan ta tafi. Amma mutane suka riƙa zuwa suna tambayarta. A ce musu ga wani tebur, su ce za su jira. Wata tsohuwa mai sayar da zare da allura ta zo kwana uku a jere, ta zauna tun safe har a tashi, da jakar kuɗinta a cinya, ta ce ba wanda zai taɓa ta sai 'yarta ta kusa da taga. Bayan mako bakwai manajan ya leƙa ɗakin fayil. Bai ba ta haƙuri ba. Cewa ya yi kawai teburinta ya yi ƙura, ta zo ta duba. Ta dawo ta goge shi, ta kira na gaba.

Na je na same ta makon jiya na ce zan yi rubutu a kanta. Ta rufe fuska da tafin hannu tana dariya. "Ɗan Baba, me na yi? Karatu kawai na yi wa mutane." Na tambaye ta ko ba ta jin zafin ƙarin girman da ya wuce ta. Ta ce a da ta ji, ba za ta yi min ƙarya ba, akwai shekarar da ta yi kuka a banɗakin ma'aikata. Amma yanzu duk kasuwar da ta shiga sai ta ji an kira ta daga wata rumfa, kuma ba ta taɓa sauya hanya don gudun haɗa ido da wani ba. Ta ce burinta na ritaya bai da yawa: ta yi barci har rana ta fito, ta kuma koya wa jikarta lissafi kafin makaranta ta sa ta tsane shi.

Anti, mai haƙurin bayani, mai faɗin gaskiya ko ba ta kawo ciniki, mun gode. Mun gode da lokacin abincinki da kika ba mu, da wasiƙu biyar, da mako bakwai a ɗakin da ba taga. Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya sa 'ya'yanki da jikokinki su gamu da irinki a duk teburin da suka zauna.

Ku kuma da ke zaune a bayan tebur, ko na banki ne, ko na asibiti, ko na makaranta, ku sani wanda ke gabanku sau da yawa kunya ce ke hana shi cewa bai gane ba. Ku karanta masa ƙananan rubutun. Ku faɗa masa abin da za ku faɗa wa mahaifinku. Yin hakan ba ya buƙatar izinin manaja.

Saura kwana tara Anti ta yi ritaya. In ta taɓa zaunar da kai, ka samu lokaci ka je. Ka karɓi lamba a bakin ƙofa kamar kowa, ka bi layi, kada ka yi ƙorafin jinkiri. In an zo kanka ta ce, "Me za a yi maka?", ka ce mata yau ba komai, gaisuwa ka zo.