Tara Mai Wutsiya

Tun yana ɗan shekara bakwai yake shan bulala saboda bangon mutane. Duk katangar da aka shafe a unguwa, sai ya bi ta da gawayi. Goggonsa da ta rene shi ita ce mai dukan, ita ce kuma mai yi wa maƙwabta alfahari da hannunsa. Da ya girma ya rubuta wa masu aski allo, ya rubuta wa teloli, har sunansa ya ɓace, kowa sai Mai Rubutu.

Ranar da babban kantin bakin titi ya ɗauke shi rubuta katin farashi, da gudu ya iso gida. An ba shi wani lungu bayan kwalayen sabulu, da tebur mai ƙafa uku da bulo, amma a wurinsa ofis ne. Lambobinsa kuwa ko daga nesa ka san su: biyar ɗinsa da tumbi, tara da wutsiya.

Wata safiya manaja ya miƙo masa takarda. Galan ɗin man girki ɗari tara, a ƙasa kuma "idan ka sayi uku".

"Na ƙasan ka ƙanƙance shi sosai," in ji manaja.

Bawan Allah, shi gwaninta kawai ya hango. Ya ɗauko burushi mafi siriri ya yi layin kamar sawun tururuwa, har yana yaba kansa.

Goggo ba ta karatu, amma ta san lamba, ta kuma san taran ɗanta. Tana hango katin ta koma ta tattaro matan layinsu shida, suka shigo suna ta murna, kowa da galan a hannu.

Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta ce dubu ɗaya da ɗari huɗu.

"'Yata, injinki ne ya ruɗe," in ji Goggo. "Ɗana ne ya rubuta, hannunsa ba ya ƙarya. A kira shi."

Ya fito da fenti a yatsu. Yarinyar ta ciro katin ta nuna ƙaramin layin. Goggo ta kai shi dab da hancinta.

"Na ɗauka ƙura ce. Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Goggo."

Ta ajiye galan a hankali, ba ta kalli matan da ta kwaso ba. Kunya ta kama shi.

Sai ya fizgi katin, ya kifa shi a kan teburin biya, ya rubuta farashin galan ɗaya da manyan lambobi. Bai tsaya nan ba. Ya faɗa layin shinkafa, ya wuce na madara da na sabulu, yana ciro duk kati mai ƙaramin layi yana gyarawa, matan na biye da shi suna nuna masa na gaba. Masu sayayya suka bar kwandunansu suka bi ayari, ana ta shewa. Rabonsa da jin daɗin burushi haka ya manta.

A kati na goma sha ɗaya manaja ya iso yana haki.

"Malam, tattara kayanka ka bar mana kanti."

Ya ɗauraye burushinsa ya fito. A wurin biya ya tarar da Goggo tana ƙirga dubu ɗaya da ɗari huɗu cif.

"Goggo, ai ya yi tsada."

"Ya yi. Amma wannan da idona na gani." Ta turo masa galan. "Ɗauka mu tafi gida."